Mayafina a Kan Majigin Nafisa

Tun da na dawo, labulen ɗakina bai huta ba. Wannan ta ɗaga ta ce, Iya Yalwa, yaya Amurka? Waccan ta ɗaga ta ce, wai da gaske jirginsu a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya? Ni kuwa in ba su labarin sanyi, in ba su labarin benaye, in raba musu man shafawa, su tashi. Wata huɗu ke nan ina ba da gefen labari ina tsallake tsakiyarsa. Yau na gaji da tsallake. Na kira ƙanwata Rabi, ita da ta yi boko har ta koyar, na ce ta ɗauko biro, ina faɗa tana rubutawa. Kada ta gyara mini zance, kada kuma ta ɗago kai idan na zo wurin da ba na son a dube ni.

Ku da muka tsufa tare a Kazaure kun san wurin wadda na je. Wanda bai sani ba, to ita ce ta fari a cikina. Ba na faɗin sunanta, uwar Nafisa nake ce mata. Ana yaye ta gwaggonta ta tafi da ita Kano, yadda ake yi wa kowace 'yar fari a gidanmu. In ta zo hutu, nakan ajiye mata kwano ina kallon bango. In zazzaɓi ya kama ta, kakarta ce ke zaune a kanta, ni ina tsakar gida ina daka, ina daka ba na ganin turmin. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi, kuma an yabe ni, an ce Yalwa akwai kunya. Yarinya ta yi karatu ta zama nas, miji ya tafi da ita New York, yau shekara ashirin da shida. Da mijin ya rasu, ta waya na yi mata gaisuwa. Na ce Allah ya ji ƙansa, a yi haƙuri, na miƙa wa ƙaninta Sani wayar.

'Yarta Nafisa ce ta matsa sai na je. A can aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta yi ta lalube. Karatun haɗa fim take yi a wata babbar makaranta. Ta ce a ƙarshen karatun kowane ɗalibi zai haɗa nasa ya nuna wa malamai. In sun karɓa a ba shi takardar gamawa, in ba su karɓa ba ya sake shekara. Tana so kakarta ta zauna a wurin ranar. Na ce ni da ko na Kano ba na kallo. Ta ce, "Tsohuwa, ki zo kawai."

Sani ya kai ni Abuja neman biza. Muka kwana gidan wani abokinsa, washegari na shiga layi ni kaɗai, don ba a barin ɗan rakiya. Wata Baturiya tana bayan gilashi, da tafinta a gefe, wani dattijo mutumin Zariya. Ta tambayi wurin wa za ni, na ce wurin uwar jikata. Ta ce mene ne sunanta. Na nuna takarda. Ta ce ta ga takarda, daga bakina take so ta ji. Na tsaya. Layi a bayana har ƙofa, ni kuwa harshe ya manne. Tafintan ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, ta fari ce?" Na gyaɗa kai. Ya juya ya yi mata dogon Turanci. Ta daɗe tana dubana, sannan ta tambayi sunayen sauran 'ya'yana. Na jero mata su shida ban ja numfashi ba. Ta yi murmushi ta karɓi fasfo. Na fito ina gode wa Allah da ya fitar da ni ban yi abin kunya ba. Haka na ɗauka a lokacin.

Jirgi kuwa ba abin da ya raba shi da na Makka sai tsawo. Mun sauka a wata ƙasar Larabawa muka sake wani, aka ɗora ni a keken turawa kamar marar lafiya. Na ce ina da ƙafata, ba wanda ya saurare ni. Rana ta ƙi faɗuwa. Na rasa ina azahar ina la'asar, na haɗa su na roƙi gafara.

A bakin shiga Amurka, kare aka sa ya shinshina kayanmu. Kare, jama'a, da rigarsa ta aiki. Ya wuce akwatin kowa ya zo ya zauna a gaban nawa. Wani ƙaton ma'aikaci ya buɗe, ya fito da kilishin da Sani ya sayo, ya girgiza kai, ya jefa a shara ina kallo. Ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, ya mayar da sauri ya ɗaure da kansa, ya yi mini hannu in wuce.

Da aka turo ni waje, ga su nan su biyu. Uwar Nafisa ta yi furfura a gaban goshi, ban sani ba, don a waya ba na tsayawa kallonta. Ta taho da sauri ta buɗe hannuwa yadda mutanen can ke yi. Na miƙa mata jakar hannuna. Na juya na kama kunnen Nafisa na ce, wannan ramar fa, ba a ba ki abinci ne? Muka yi ta dariya ni da jikata. Uwar ta biyo mu a baya da jaka.

Gidansu a Bronx yake, a kan wani dogon titi da ake ce wa Grand Concourse, hawa na goma sha ɗaya. Ba zaure, ba tsakar gida. Ɗakuna ne a rataye a sama, lifta ta kai ka ta sauko da kai. A cikin liftar za ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutum bai ce maka ina kwana ba. Kwana uku ina gaishe su suna kallon ƙofa, na huɗu na daina. Akwai wani bututu a gindin taga mai ɗumama ɗaki, yana ƙwanƙwasa kamar baƙo. Ranar farko har na ce a shigo.

Allah ya haɗa ni da maƙwabciya, Mma Adiza, 'yar zangon Kumasi, tana hawa na tara, tana girki a wani gidan abinci a Harlem. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a wurinta, amma hannunta a buɗe yake. Ita ta kai ni kantin da ake samun kuɓewa da garin tuwo. Ta ba ni shinkafa da wake irin tasu da wani baƙin yaji da ya sa ni hawaye, na rama da miyar kuka. Uwar Nafisa kuwa aikin kwana take yi a asibiti, ta dawo da hantsi ƙafa a kumbure. Abin da ke shiga tsakaninmu bai wuce sannu da zuwa, ga abinci can ba.

A ɗakin Nafisa nake kwana. A bango, saitin kaina, akwai hoton wani Bature siriri mai zurfin ido. Na ce mata in wannan ne mijin a sake shawara, yunwa za ta kashe ki. Ta yi dariya har ta faɗa kan gado. Ta ce Bafaranshe ne, ya mutu tun ban yi wayo ba, kuma shi ne malaminta duk da ba su taɓa haɗuwa ba. Ta faɗi sunansa sau uku ya ƙi zama a bakina. Mai zurfin ido nake ce masa. Yana cikin masu yin fim tun zamanin da fim ba ya magana.

Ta kunna mini ɗaya a kwamfuta. Baƙi da fari, yana rawa-rawa kamar ana kallo ta cikin yayyafi. Na ce maganar ta lalace. Ta ce haka yake. Sai na tuna majigi. Muna yara mota kan zo filin kasuwa, a kafa farin ƙyalle, a nuna noman auduga da wanke hannu, wani mutum yana tsaye da lasifika yana faɗa mana abin da muke gani. Na ce to ina mai bayanin? Ta ce shi wannan mutumin, a ganinsa, in sai an yi bayani to aikin bai yi ba.

Na zuba ido. Wata mata ce tana wanki a bakin rafi, ɗanta ya hau keken doki zai bar gari. Ba ta ɗaga masa hannu ba, ba ta ko juya ba. Sai hoton ya matso, ya matso, har ba a ganin rafi, ba a ganin gari, sai hannuwanta biyu a kan riga tana matsewa. Matsewar ta yi ta raguwa, a hankali fiye da yadda mutum ke motsi, har hannun ya tsaya. Sannan fuskarta ta cika allon, ruwan rafin yana gudana a kanta, ita da ruwan a haɗe. Ba ta yi kuka ba. Na ce wa Nafisa ta kashe, idona yana ciwo.

Ta ce da can daga nesa ake kafa kamara, kamar mai kallon dambe, mutane su yi ta wurga hannu don a gane. Shi da ire-irensa suka ce a matso da ita, fuska ta isa. Bai cika son 'yan wasa ba; ya fi son ya sami masu wanki da masu gasa burodi na gaskiya, ya zauna da su har su manta da shi. Da fim ya fara magana aka watsar da shi, wasu ayyukansa suka ruɓe a gwangwani. Daga baya aka tono sauran aka gyara. Ta ce, "Yanzu, Iya, ko a fim ɗin Kano kika ga an matso da fuskar mace, ba ta ce komai ba amma kin gane, akwai hannunsu a ciki. Masu yin ma ba su sani ba." Na ce Allah ya kyauta, mutum ya ƙare rayuwa yana leƙen fuskar jama'a.

Sai ta ce nata fim ɗin ma ba magana, kuma ni take so ta ɗauka. Na yarda. Na sa leshina, na kafa ɗauri, na zauna a kujera na haɗa gwiwa kamar hoton fasfo. Ta ɗauka ta gode. Sannan ta kafa kamarar a kan kabad ɗin falo, ta ce za ta riƙa barinta a kunne kullum da safe, na yarda? Na ce bar ta mana. A sanina, mai hoto sai ya tsaya a bayan abinsa ya rufe ido ɗaya sannan hoto ke fita. Kamara ba mutum a bayanta, na ɗauke ta kamar rediyon da aka kashe. Ta faɗa mini, jama'a, har sau biyu ta faɗa. Da ta gama haɗawa ma ta ce in zo in gani kafin ranar, na ce na san fuskata, akwai madubi a Kazaure. Ba ni da hujja a kanta.

Ranar nunawa muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mu huɗu, har da Mma Adiza, ta ci ado kamar mai zuwa suna. Uwar Nafisa ta ɗauki hutu. Ɗakin kallon da ke makarantar ba babba ba ne, mutum kamar sittin, malamai a gaba, da babbarsu, wata Baturiya mai farin gashi a yanke. Na'urar majigin tana kan tebur a tsakiyar hanya, kujera biyu daga inda nake. Aka ja labule da rana tsaka, aka kashe fitila. Na ɗalibai uku suka wuce, ban gane komai ba, na tafa da aka tafa. Sai na Nafisa.

Ga ni a leshi, a sandare. Mutane suka ɗan yi dariya, ni ma na yi. Ga hannuna yana tuƙa tuwo. Ga ni a taga ina jan carbi. Na ce a raina ashe abin ba wuya. Sai ga falo da hasken hantsi, ƙofa ta buɗe, uwar Nafisa ta shigo da kayan aiki ta zube a doguwar kujera, barci ya ɗauke ta da takalmi a ƙafa. Na san safiyar nan.

Ga ni na fito daga kicin. Na duba hagu, na duba dama, kamar ɓarauniya. Na durƙusa na cire mata takalmi, na cire safa. Na ɗauko man kaɗen da na zo da shi na shiga murza mata ƙafa. Yarinyar nan ta rage gudun hoton yadda malaminta ke yi, abin da na yi cikin sauri ya zama ba ya ƙarewa. Sannan hoton ya matso. Fuskata ta cika bango, kowace tsaga, kowane layin tsufa. Ina kallon 'yar fari, kallon da ban taɓa yi mata a gaban mutum ɗaya ba, ga shi a gaban sittin. Sai na ga leɓena ya motsa. Ba sauti, amma duk wanda ya san sunan zai gan shi. Mma Adiza ta zungure ni ta ce a hankali, "Hajiya, ai ka kira shi."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zare mayafina, kore ne mai shara-shara, na taka zuwa tebur na lulluɓe majigin da shi. Na zaci duhu zai rufa mini asiri. Ina. Mayafin ba kauri: fuskata tana nan a bango, sai dai ta koma koriya, da furannin mayafin a kumatu. Ga ni kuma ni kaina a tsaye tsakiyar Turawa ba mayafi. Wani ma'aikaci ya taho a guje don kada ƙyallen ya kama wuta, ya janye shi ya kashe na'urar. Aka kunna fitila. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Nafisa tana tsaye a gaba da takardar da za ta karanta in an gama. Ba ta karanta ba.

Babbar malamar ta ja ta gefe. Abin da ta ce daga baya na ji: a makarantar ba a karɓar fim in wanda ke ciki bai yarda ba, kuma kowa ya ga ban yarda ba. An ajiye aikin. In ban je da kaina na ce na amince kafin mako ya fita ba, sai Nafisa ta sake wani, ta sake shekara, abokan karatunta su fita su bar ta.

Muka koma gida. Kwana biyu Nafisa ba ta ce mini tsohuwa ba. Ina kwana Hajiya take cewa, ta wuce. Ba ta roƙe ni ba. Ta ce wa uwarta ita Nafisa ce da laifi, ta ɗauki abin da ba nata ba. Ni kuma na ƙudurta ba zan je ba, ina ganin ni aka tona wa asiri. Mma Adiza ta hau ta same ni, ta ce ita ɗanta na fari har baƙin suna take kiransa in ya ɓata mata rai, kuma bai mutu ba. Na ce wannan ku, mu ba haka gidanmu yake ba. Ta ce gaskiya ne, amma gidan naku yanzu a hawa na goma sha ɗaya yake. Ta ɗauki kwanonta ta sauka.

Rana ta uku da hantsi uwar Nafisa ta dawo daga aiki. Ba ta kwanta a kujera ba. Ta same ni a kicin ina yanka kuɓewa, ta tsaya a bakin ƙofa da takalminta. Na ce ga abinci can. Ba ta motsa ba.

Ta ce, "Iya, ba maganar Nafisa na zo yi ba. In ta sake shekara ta sake, yarinya ce."

Na ci gaba da yanka.

Ta ce, "Shekarata hamsin da biyu. Na san al'ada ce, Gwaggo ta sha faɗa mini. Amma ranar da aka binne baban Nafisa na riƙe waya ina jira ki ƙara wani abu, sai na ji muryar Sani." Sannan ta ce, "Nakan tashi in ji ƙafata da maiƙo, na ɗauka Nafisa ce. Rannan na ga sunana a bakinki. Ban ji ba, gani na yi. Kin fara faɗin wani abu bayansa sai kika rufe. Me kika ce?"

Kuɓewa ta ƙare, wuƙa tana hannuna, ina yanka katako. Na so in faɗa, Allah ya sani na so. Harshen nan ya manne yadda ya manne a Abuja, nan kuma ba tafinta. Ta jira, ta jira, sannan ta ce ba komai, ta juya. A nan ne kunya ta same ni, ba irin wadda aka yabe ni da ita ba. Kwana uku ina ƙuna don mutum sittin sun ga fuskata. Ashe akwai mutum ɗaya a ɗakin da take jiran wannan fuskar tun tana 'yar yaye, ni kuma na tashi da ƙafata na rufe.

Na ce da bayanta, "A ce wa yarinyar nan ta kai ni wurin malamar."

Washegari muka koma mu uku. Malamar ta tarbe ni har ƙofa ta fara ba ni haƙuri, ni da na zo ba ta haƙuri. Muka yi ta sunkuya wa juna, Nafisa tana tafinta tana tuntuɓe. Malamar ta ce ba dole, in ina so a yanke wurin za a yanke a duba sauran. Na ce in an yanke wurin me ya rage, tsohuwa da leshi? A bar shi yadda yake, amma a sake kunnawa yanzu daga inda na tsayar, akwai wadda ba ta gama kallo ba. Ta ce ta daɗe tana koyar da aikin mai zurfin ido, ɗalibai suna kallo suna rubutu, ba ta taɓa ganin wanda fuska a bango ta tayar daga kujera ba sai ni. Ban san ko yabo ne ba. Na dangwala yatsa a takarda.

Aka ja labule. Wannan karon a kan fuskata na ja mayafin, tawa ce, ina da iko da ita. Amma shara-shara ne, na faɗa muku, ina gani ta ciki. Uwar Nafisa tana kujerar kusa da ni. Bakin da ke bango ya faɗi sunan, sannan ya faɗi sauran. Ba wata doguwar magana ba ce. Sannu, kin gaji. Shi ke nan abin da na ce, shi ne abin da na tashi na rufe a gaban duniya. Na ji tana maimaitawa a hankali, tana bin leɓen. Ba ta taɓa ni ba, ban taɓa ta ba. Hoton ya tsaya a kan hannuna riƙe da diddigenta, ya daɗe, sannan ya dushe.

An karɓi aikin. Nafisa ta sa baƙar riga da hula mai faɗi ta fita tare da abokanta, ta dawo tana ce mini tsohuwa mai kashe majigi. Kwana arba'in da ɗaya na yi a can. Ranar dawowa, a filin jirgi, uwar ba ta buɗe hannuwa ba. Ta miƙo hannu ɗaya ta karɓi jaka, yadda na koya mata. Na ba ta jakar, ban saki maratayin ba. Muka tsaya haka, ita riƙe ni riƙe, har mai keken turawa ya gaji ya yi gyaran murya.

To, kun ji tsakiyar. Rabi ta ɗago kai, na ce kada ta ɗago. Tana tambaya ko yanzu za a rubuta sunan. A'a. Abin da aka ɗaure shekara hamsin da biyu bai kwance a kwana arba'in ba, har yau bakin bai iya ba in ana ji. Sai dai duk Juma'a, in ta kira ta wayar da ake ganin juna, na daina miƙa wa Sani. Nakan sallami kowa daga ɗaki, in saki labule, in matso da wayar kusa da fuskata har ta cika mata allon, yadda mai zurfin ido ya koya wa jikata. Ba ma faɗin abu mai yawa. Ita tana kallo, ni kuma ina barinta ta kalla.